Mai Zana Layi a Garwa

Ni ba na buga ƙwallo, layi nake zanawa.
Da asuba nake dama farar ƙasa a bokiti,
in ja igiya daga turke zuwa turke
kafin ranar Garwa ta fara gasa mini ƙeya.

Da aka soma gasar nan ta yara
toka muke barbaɗawa,
tokar murhun Dudu mai ƙosai.
Raga kuwa gora biyu ce da igiyar shanya,
in ƙwallo ta bi ta sama sai gardama ta kaure,
kowa alƙali, har mai tallar rake.
Kofin farko kwanon sha ne,
Hamajoda maƙeri ya liƙa masa kunnuwa biyu,
ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo.

Sai wata shekara takarda ta zo daga kudu
da hatimi, da sa hannu kamar tafiyar kiyashi.
Ta ce daga yau ƙasa duka fili ɗaya ce,
wanda ya haura sha bakwai ya koma benci.
Unguwa ta kara da unguwa,
sannan gari da gari:
Pitowa, Figil, Gidar,
da 'yan Lagdo masu ƙarnin kifi a riga.
Huɗu-huɗu ake zuba su a rukuni,
ka ci, maki uku,
kunnen doki, ɗaya-ɗaya,
a ci ka, ka sha ruwan leda ka yi shiru.
Biyu su haye, biyu su nemi mota.
Daga nan sili ɗaya ƙwale,
ba gobe, ba a yi haƙuri.

Na ga masu gemu sun kwana da reza
sun wayi gari 'yan sha biyar.
Na kuma ga Bawuro.
A ruga aka haife shi, hayin Binuwai,
shekarar da ruwa ya ci gonakin auduga.
Ƙafarsa ta hagu ta fi bakinsa magana.
Mai rajista ya ce, ina takardar haihuwa?
Uwarsa ta zo da ƙwaryar nono a ka,
ta ƙirga damina sha shida a yatsunta,
ta ce ga takarda.
Mai rajista ya rufe littafi.

Shekarar nan Bawuro ne ya riƙe mini igiya.
Bai yi kuka ba, sai dai layinmu ya karkace
wajen kusurwar gabas, na ƙyale shi haka.

Takarda ta fito ana saura wata huɗu ya tsufa.
Suka cinye arewa, suka hau mota zuwa Ngaundere,
suka kwana a jirgin ƙasa, takalma a ƙarƙashin kai.
Mu muna nan gindin dalbejiya, kunne a rediyon Jingi tela.
Wasan kusa da na ƙarshe, canjaras har ƙarin lokaci,
aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida.
Na biyar nasa ne.
Batir ya mutu.

Sai bayan kwana uku muka ji ta daki turke.

Yanzu kofin na azurfa ne, an ce, ban taɓa shi ba.
Akwai riguna masu lamba, akwai likita da akwati.
Jiya Bawuro ya zo da ɗansa Sali,
takardar yaron cikin leda, cikin wata ledar,
a aljihun ƙirji, hannunsa dafe a kai.
Ya dubi kusurwar gabas ya ce, Baba, har yanzu?
Na ce har yanzu.

Kafin magariba ƙafafu sun share duk abin da na zana.
Na wanke bokiti, na naɗe igiya.
Gobe 'yan Figil ne da ƙarfe huɗu.